Digiri na biyu: ilimin yanke shawara zan karanta, ko tsara manufofin gwamnati?

'Yar Makaranta:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara na zo nema, kuma ina roƙon wanda ya san hanyar ya yi mini bayani dalla-dalla. Na gama digirina na farko a ilimin halayyar ɗan Adam. A shekarar ƙarshe ne na haɗu da fannin da ya shiga raina, wato yadda mutane ke yanke shawara, da dalilin da ya sa mutum zai san abin da zai amfane shi sarai amma ya kasa yi. Abin da ya fara kama ni wani bincike ne da Brigitte Madrian da Dennis Shea suka wallafa a 2001. Wani kamfani ne a Amurka: da, sai sabon ma'aikaci ya cike fom kafin ya shiga asusun ajiyar fansho, kuma kashi 49 cikin 100 ne ke shiga. Sai aka juya abin, aka ce kowa yana ciki, wanda ba ya so shi zai cike fom ya fita. Nan take masu shiga suka kai kashi 86. Ba a ƙara wa kowa albashi ba, ba a yi wa kowa nasiha ba. Tun ranar da na karanta wannan na ce aikin da nake so ke nan, a cikin gwamnati ko wata hukuma mai tsara manufofi. To hanyoyi uku ne a gabana: digiri na biyu a kimiyyar halayya da yanke shawara, ko digiri na biyu a tsara manufofin gwamnati, ko in wuce kai tsaye in nemi digirin digirgir. Wanne zai kai ni?

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam 'yata. Kafin komai, kada sunan digiri ya ɗauke miki hankali. Herbert Simon, wanda ya fara nuna cewa tunanin mutum yana da iyaka kuma yakan tsaya ne a kan abin da ya ishe shi, ba sai mafi kyau ba, digirinsa na digirgir a kimiyyar siyasa ya yi, amma lambar Nobel ta tattalin arziki aka ba shi a 1978. Daniel Kahneman masanin halayyar ɗan Adam ne tsantsa, shi ma ta tattalin arzikin ya karɓa a 2002, saboda aikin da suka yi da Amos Tversky, musamman takardarsu ta 1979 da ta nuna cewa zafin asara ya fi daɗin riba nauyi a zuciyar mutum ko da adadin ɗaya ne. Kin ga fannin nan tun asali ba shi da gida ɗaya.

Abin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne su buɗe jerin darussan kowace makaranta, su ƙirga nawa ne ke koyar da ƙididdiga da tsara gwaji, nawa ne kuma labarin karkatar tunani kawai, wato kurakuran da tunanin mutum ya saba yi wajen yanke shawara. Labarin karkatar tunani kin riga kin sani, abin da ya rage kuma za ki iya karantawa a ɗakinki cikin wata uku. Amma ki raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ki san adadin da kike buƙata kafin sakamakonki ya zama abin dogaro, ki gane lokacin da alƙaluma ke yaudararki, wannan sai da malami a kanki da maimaici.

'Yar Makaranta:
Malam, na gode. To idan haka ne, ai na manufofin gwamnati ya fi ke nan? Na ga kamar sun fi yawan darasin lissafi da tattalin arziki.

Malam Mai Alli:
Wasu, ba duka ba. Na Harvard shekara biyu ne, na Oxford shekara ɗaya, kuma abin da mutum zai iya ɗauka a shekara biyu ba ɗaya ba ne da na shekara guda. A ɗaya ɓangaren akwai na kimiyyar halayya a Makarantar Tattalin Arziki ta Landan, da na Jami'ar Warwick wanda ya haɗa halayya da tattalin arziki, da na Jami'ar Pennsylvania. Jami'ar Carnegie Mellon ma sashe guda gare ta na kimiyyar yanke shawara. Kowanne da inda ya fi ƙarfi. Jerin darussan ne alƙali.

Tsohon Ma'aikaci:
'Yata, ni ban yi karatun nan naku ba, amma na yi shekaru masu yawa a ofishin da irin waɗannan shawarwari ke zuwa su sauka, don haka bari in gaya miki abin da na gani da idona. An taɓa turo mana wani matashi mai ilimi sosai, ya zo da niyyar gyara wasiƙar da muke aika wa mutanen da ba su sabunta rajistarsu ba. Wallahi wasiƙar da ya rubuta ta fi tamu kyau nesa ba kusa ba. Tamu shafi biyu ce cike da sassan doka, sai ka kai ƙasan shafi na biyu kafin ka ga abin da ake so ka yi. Tasa layi biyar ce, ranar ƙarshe da babban baƙi a sama. Amma bai san cewa ba mai taɓa kalma ɗaya a wasiƙar nan sai sashen shari'a ya sa hannu ba. Bai san an riga an buga ta shekara guda tana jibge a ɗakin ajiya ba. Bai san magatakardar da ke rufe ambulan ita kaɗai ce, kuma in ka ce mata ta ware wasiƙu kashi biyu ka ninka mata aiki ba tare da ka tambaye ta ba. Wata shida ya yi da mu, ya tafi ba a aika ko ɗaya ba. Har yau abin yana damuna, domin yaron yana da gaskiya, kuma mutanen da wasiƙar za ta taimaka suna nan suna biyan tara.

Shawarata: ki yi aiki tukuna, ko shekara biyu ce, a inda ake hulɗa da jama'a kai tsaye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In kin koma aji bayan haka, za ki san tambayar da za ki yi wa malami.

Mai Shakka:
Ku yi haƙuri zan ɗan sa baki, domin ina ganin ana shirin tura yarinya cikin rijiyar da ba a auna zurfinta ba. Ƙanwata, kafin ki ba da shekarunki, ki san halin da fannin ke ciki. A 2015 wata babbar tawagar masu bincike ta sake gudanar da gwaje-gwaje 100 na ilimin halayyar ɗan Adam da aka wallafa a manyan mujallu. Kashi 36 ne kacal suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Akwai wani shahararren bincike na 2012 da ya ce in mutum ya sa hannu a saman fom maimakon ƙasa yakan fi faɗin gaskiya. Hukumomi sun ɗauka, an yi ta koyar da shi a azuzuwa. Da aka sake gwadawa bai yi aiki ba, daga baya aka gano akwai alƙaluman ƙarya a ciki, aka janye shi a 2021.

Sai babban: Stefano DellaVigna da Elizabeth Linos sun tattara gwaje-gwaje 126 da wasu ofisoshi biyu na irin wannan aiki suka yi a Amurka, waɗanda suka shafi mutum miliyan 23. Suka kwatanta da abin da ake bugawa a mujallun jami'a. A mujallu, irin wannan ɗan zunguri, wato ƙaramin sauyi a fom ko wasiƙa da ke karkata mutum ga yin abu ba tare da tilas ba, yana ƙara mutum 8.7 a cikin kowane 100. A aikin gaske na gwamnati, 1.4. A 2022 aka wallafa. To ina abin yake?

Yaya Mai Gwaji:
Ɗan'uwa, alƙalumanka daidai ne, ban musa ko ɗaya ba. Inda muka rabu shi ne abin da suke nufi. Aikin da nake ci da shi ke nan, don haka bari in yi magana.

Na farko, 1.4 ɗin nan da kake rainawa. In wasiƙa za ta je wa mutum miliyan ɗaya, mutum 14,000 ke nan suka yi abin da da ba za su yi ba, kuma abin da aka kashe bai wuce sauya jimla biyu ba. Nuna mini wani shiri na gwamnati mai wannan arha. Na biyu kuma, wa ya gano 1.4 ɗin? Ofisoshin ne da kansu suka ajiye sakamakon kowane gwaji, wanda ya yi nasara da wanda ya faɗi, suka miƙa. Mujallu kuwa wanda ya yi nasara suka fi bugawa, shi ya sa nasu ya kumbura. Abin da ka kawo hujja ce a kan cewa ƙanwarmu ta koyi awo, ba hujjar ta gudu ba.

Ƙanwata, ki san yadda rana take a wannan aiki. Kashi mafi yawa na lokacina a gaban kwamfuta yake, ina tsaftace jerin sunaye: mutum ɗaya ya fito sau uku da rubutu daban-daban, lambar waya ta rasa lamba ɗaya, wanda ya rasu yana nan a jeri. Akwai gwajin da muka yi na saƙon tunatarwa ta waya, muka raba mutane gida biyu da ƙuri'a, muka jira wata biyu. Da sakamako ya zo sai na ga gidan da bai kamata ya samu saƙo ba ya yi daidai da wanda ya samu. Na kwana uku ina bin layi-layi kafin in gano cewa wani ma'aikaci, da kyakkyawar niyya, ya ga bai dace a hana wasu saƙon ba, sai ya tura wa kowa. Gwajin ya tafi. Ban ga laifinsa ba, ni ce ban zauna na yi masa bayanin dalilin rabon ba. Ranar na gane maganar da Baba ya faɗa a sama. Tunanin dabarar bai ɗauke mu awa ɗaya ba, sauran duk wannan ne.

Tsohon Ma'aikaci:
Allah Ya yi miki albarka. Wannan ma'aikacin na san irinsa, na yi aiki da goma kamarsa, kuma mutanen kirki ne.

Ɗan Lissafi:
Ni tambaya ce da ni, ina bin zancen tun farko. Misalin da aka fi ba mu a aji shi ne na ba da gudummawar sassan jiki bayan mutuwa: a Jamus, inda sai ka yi rajista, kashi 12 ne suka amince, a Ostiriya kuwa, inda kowa yana ciki sai ya fita, kusan kashi 100. Wannan ai ya wuce 1.4 nesa. Ko shi ma ya rushe?

Malam Mai Alli:
Bai rushe ba, amma ka lura da abin da aka ƙirga. Eric Johnson da Daniel Goldstein ne suka kawo shi a 2003, kuma abin da alƙaluman ke nunawa shi ne wanda doka ke ɗauka ya amince, ba yawan dashen da aka yi a asibiti ba. Mutumin da bai fita ba, wataƙila bai ma san yana ciki ba, kuma a aikace likitoci na tuntuɓar iyalinsa. Dubi Sifaniya, wadda ake misali da ita a duniya. Dokarta ta "kowa yana ciki" tun 1979 take, amma adadin bai tashi sosai ba sai bayan 1989, da aka kafa hukumar dashe ta ƙasa aka sa ma'aikata na musamman a asibitoci masu zama da iyalai. Wanda ya karanta halayya kaɗai zai ce fom ne ya yi aikin. Wanda ya san yadda hukuma ke tafiya zai tambayi wa ke bakin aiki da ƙarfe ukun dare.

Mai Shakka:
To Malam ka kawo ni inda nake so. Nick Chater da George Loewenstein, waɗanda su kansu manya ne a fannin, sun fito sun ce an karkata da yawa wajen gyara ɗaiɗaikun mutane an bar gyaran tsari. In albashi bai isa ba, wace ajiya za ka zungure ni in yi? In asibiti ba ma'aikaci, saƙon tunatarwa me zai yi? Tsorona shi ne gwamnatoci su riƙa fakewa da abu mai arha don su guje wa mai tsada. Sannan wa ya ba mai tsara fom ikon ya zaɓa mini abin da zan faɗa ciki in na yi shiru?

Yaya Mai Gwaji:
Tambayarka ta ƙarshe tana da nauyi, kuma ba na so a wuce ta da sauri. Amma ka tuna kowane fom dole yana da abin da ke faruwa in mutum ya yi shiru. Ko ka tsara shi da sani, ko ya tsaru da ka. Abin da nake riƙe da shi shi ne: a yi shi a fili, fita ta zama da sauƙi, kuma ya zama abin da mutumin zai yarda da shi in an zaunar da shi an yi masa bayani. In dabara ba ta aiki sai a ɓoye, ba na hannu a ciki.

Game da tsari da zunguri, akwai gwajin da nake so kowa ya sani. A ƙauyukan Udaipur na Indiya, Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu suka duba rigakafin yara, aka wallafa a 2010. Inda ba a yi komai ba, kashi 6 na yara ne suka kammala allurai. Inda aka tabbatar ma'aikacin lafiya yana zuwa kowane wata ba fashi, kashi 18. Inda aka yi haka sannan aka ƙara wa uwa kilo ɗaya na wani nau'in wake a kowace allura, da saitin faranti in an kammala, kashi 39. Ka ga gyaran tsari ya ninka sau uku, ɗan ƙarin ya sake ninkawa. Da ba ma'aikacin, waken ba shi da amfani. Da ba waken, yawancin iyaye suna zuwa allurar farko da ta biyu sai su sare. Wanda zai yi wannan aiki dole ya iya ganin duka biyun, kuma ya iya auna wanne ya kawo me.

'Yar Makaranta:
Yaya, wannan misalin ya shige ni. Akwai abin da ke damuna kuma: kusan duk binciken da muka karanta a aji a kan ɗaliban jami'o'in Amurka da Turai aka yi shi. Yaya zan san zai yi aiki a kan wasu mutanen?

Yaya Mai Gwaji:
Ba za ki sani ba sai kin gwada, kuma damuwarki a kan hanya take. Joseph Henrich da abokansa biyu sun yi wannan ƙorafin a 2010: kashi 96 na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen da ba su wuce kashi 12 na al'ummar duniya ba. Shi ya sa cibiyoyin bincike irin su Busara a Nairobi suke da muhimmanci, haka J-PAL, cibiyar gwada shirye-shiryen yaƙi da talauci da aka kafa a jami'ar MIT ta Amurka a 2003. Bankin Duniya ma ya sadaukar da rahotonsa na ci gaba na 2015 ga wannan batu. Saboda haka in kina duba makaranta, ki tambaya ko kundin kammalawa ana yin sa da wata hukuma ta gaske, da mutane na gaske, ko kuwa tambayoyi ne a intanet da ɗalibai ke amsawa.

Ɗan Lissafi:
Ba wanda ya taɓa maganar digirin digirgir har yanzu.

Malam Mai Alli:
Domin amsarsa gajeriya ce. A Amurka shekara biyar zuwa shida ne, yawanci makaranta ke ɗaukar nauyi, kuma horo ne na wanda zai ƙirƙiro sabon bincike. In tambaya ɗaya ce ke hana ki barci, kina son ki zauna a kanta shekaru, bismillah. In burinki ki ga wasiƙar da Alhaji ya ba da labari ta fita daga ɗakin ajiya, digiri na biyu ya isa, kuma ƙofar digirgir ba ta rufuwa.

Amma Alhaji, a kan "aiki tukuna" ina da ja kaɗan. Na ga ɗalibai da yawa da suka ce shekara biyu za su yi su dawo, hidima ta yi musu yawa, ba su dawo ba. Lissafi kuma in an bar shi yakan yi sanyi.

Tsohon Ma'aikaci:
Malam, gaskiyarka, na ga hakan ni ma. Sai dai na ga kishiyarsa fiye da haka: mai takarda biyu a hannu da bai taɓa tsayawa a bayan kanta mutum ya zo masa da fom yana rawar hannu don bai gane shafi na uku ba. Ofishin gwamnatin Birtaniya mai irin wannan aiki na zunguri da ake ta ambato, wanda aka kafa a 2010 ƙarƙashin David Halpern, ai ba a jami'a aka kafa shi ba, a cikin ofishin majalisar ministoci aka ajiye shi. Wasiƙarsu ta haraji da ta shahara, mai cewa mutum tara cikin goma suna biya a kan lokaci, ba ta fita ba sai da hukumar haraji ta yarda ta buɗe musu ƙofa. Wani ne a ciki ya san wanda zai yi wa magana.

Yaya Mai Gwaji:
Ku duka biyu za a iya bi, iyayena. Wasu tallafin karatun ma sun raba gardamar: Chevening na Birtaniya ba ya karɓar mutum sai yana da gogewar aiki ta shekara biyu. Ƙanwata, ki kama aiki, ko na mataimakiyar mai bincike ne mai bin gida-gida da takardar tambayoyi, a lokaci guda kuma kada ki bar lissafin ya yi sanyi. MIT tana da jerin darussa a intanet kan alƙaluma da tattalin arziki da tsara manufofi, har da darasin tsara gwajin ƙuri'a. Ki ɗauki ɗaya ki gani ko ranki zai jure. Ki kuma koyi manhajar R ta lissafin alƙaluma, kyauta ce. In kin yi wata shida kina wannan kuma har yanzu kina so, kin samu amsar da ba wanda zai ba ki a nan.

Mai Shakka:
A kan wannan ban da ja. Roƙona ɗaya: duk makarantar da za ki nema, ki tambaye su ko suna koyar da binciken da ya rushe da dalilin rushewarsa. In suka yi shiru a kansa, ki nemi wata.

'Yar Makaranta:
Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya da dare na yi abin da Malam ya ce, na buɗe jerin darussan makarantu huɗu da nake hari na ƙirga. Wadda na fi ɗoki a kanta, darasi ɗaya ne kawai na ƙididdiga a cikinta, kuma kundin kammalawa ba a haɗa shi da wata hukuma ba. Na cire ta. Yanzu na fi karkata ga na manufofin gwamnati mai ba da damar ɗaukar darussan halayya daga wani sashe, tunda halayyar ita ce nake da ita, awo da sanin hukuma su ne babu. Bana ba zan nema ba. Zan nemi aikin mataimakiyar mai bincike, in fara darasin intanet ɗin a watan gobe. Yaya, tambaya ɗaya ta rage: a takardar neman irin wannan aiki, me zan nuna tunda ban taɓa gudanar da gwaji ba?

Yaya Mai Gwaji:
Ki nemi wani bincike da masu shi suka saki alƙalumansa a fili, irin waɗannan suna da yawa a rumbun J-PAL. Ki sauke, ki sake lissafin da kanki a R har teburinki ya yi daidai da nasu, ki rubuta shafi biyu kan abin da kika samu da inda kika sha wuya. Shi za ki liƙa a takardar. In kin gama ki turo mini ta akwatin sirri in duba miki kafin ki aika.